Za a ɗauke mana Fada bayan shekara bakwai: mu rubuta wa Bishop ko mu haƙura?

Bitrus Mai Masara:
Yabo ga Yesu, 'yan uwa. Waɗanda suke gida sun riga sun ji, na birni nake so in sanar. Jiya Lahadi bayan Mas, Fada ya ce kowa ya koma ya zauna. Ya ciro takarda daga aljihun rigarsa ya karanta mana da bakinsa: an canja masa wurin aiki, ƙarshen watan gobe zai tashi. Coci ta yi tsit, ba ka jin komai sai kukan wata tsohuwa daga can baya wajen ƙofa.

Ni dai tun jiya raina a jagule yake. Shekara bakwai mutumin nan yana tare da mu. Ranar da ya zo, Hausarsa ta cefane ce kawai, yau kuwa har karin magana yake sakawa a wa'azi tsofaffi suna gyaɗa kai. Ya san gonar kowa, ya san gidan da ba sa ga maciji da juna, ya san hanyar da ake bi a kauce wa rafi in damina ta yi nisa. Sai da ya gama sanin mu sannan a ce ya tattara? Shawarata ita ce mu rubuta takarda, rassan cocinmu na ƙauyuka goma sha huɗun nan duka su sa hannu, a kai wa Bishop a Kano a roƙe shi ya bar mana shi. Me kuka gani?

Ladi ta Zumunta:
Har abada. Yaya Bitrus, in za a sa hannu ni ce ta farko. Bara waccan cikin watan Agusta ciwon surukata ya tashi da tsakar dare, ruwa kamar da bakin ƙwarya. Mijina ya kira Fada, shi kansa bai sa rai ba. Can wajen ƙarfe biyu muka hango hasken tocila. Ashe a bakin rafi ya bar babur, ya naɗe wando, ya ɗora jakarsa a ka ya tsallako ruwa iya ƙugu. Ya shigo ɗaki yana ɗiga, ya ce mu fita ya saurare ta, sannan ya kira mu ya shafa mata mai a goshi da tafin hannu, ya ba ta Jikin Almasihu, wato gurasar da aka tsarkake a Mas. Da asuba ta cika. Na dama masa kunu, a tsaye ya sha, don yana da Mas ƙarfe shida da rabi. Irin wannan mutum ake so in yi shiru a ɗauke?

Markus:
Allah ya jiƙan Inna. Yaya Bitrus, ba na ƙi ta taka ba ne, amma bari in faɗi abin da na sani, tunda na yi shekara huɗu a seminari, makarantar horar da firistoci, a Jos kafin na fito. Ranar da ake naɗa firist, akwai wurin da yake durƙusawa ya sa hannuwansa cikin hannuwan Bishop, ya yi alkawarin girmamawa da biyayya gare shi da duk wanda zai gaje shi. Wannan alkawari ba ado ba ne, kuma kowace shekara a Makon Tsarki, a Mas ɗin da ake tsarkake mai, firistoci suna taruwa su sabunta alkawuransu a gaban Bishop. To in muka kai takarda mai ɗaruruwan hannaye, abin da wasu za su fara cewa shi ne Fada ne ya zuga mu. Mu yi hattara kada garin son sa mu ɓata masa suna a wurin 'yan uwansa.

Bitrus Mai Masara:
Markus, kai da ka yi karatun, amsa mini wannan. Wane ne waliyyin da aka ba firistocin farish, wato masu riƙe da coci da rassanta, a matsayin abin koyi? Ba Yohanna Vianney ba ne, wanda muke tunawa ran 4 ga Agusta? Fada da kansa ya gaya mana an tura shi wani ƙauye a Faransa mai suna Ars a 1818, bai bar wurin ba har ya rasu a 1859. Shekara 41 a ƙauye ɗaya. Da ana ta yawo da shi duk shekara biyar, da wa zai san shi?

Markus:
Ka kawo hujja mai ƙarfi, kuma dokar Ikilisiya ma tana ɓangarenka fiye da yadda kake zato. Kundin dokoki na 1983 ya ce ya kamata firist mai riƙe da farish ya samu zama mai ɗorewa, ba yau nan gobe can ba. Amma kundin nan dai shi ya ba Bishop hurumin matsar da shi in amfanin rayuka ko buƙatar Ikilisiya ta sa. Ka tuna kuma dayosis ɗinmu, yankin da Bishop yake kula da shi, ba ƙaramar ƙasa ba ce, jihar Kano da ta Jigawa gaba ɗaya. Mu rafinmu muke gani, shi Bishop duka yake kallo. Wataƙila akwai inda suke kuka da rashin irin abin da muka samu. Shi ma Vianney ɗin ya sha yunƙurin barin Ars don ya keɓe da addu'a, abin da ya tsayar da shi ba son ransa ba ne.

Istifanus daga Gwaram:
Ku bar ni in sa baki, don mu ne masu kukan da Markus yake nufi. A wani wurin da na zauna kafin in dawo gida, mun yi shekara uku da wani Fada, ba zan kama suna ba. Mutum ne mai ilimi, ba shi da abin zargi a hali, amma bai taɓa sa kansa koyon Hausa ba. Wa'azi da Turanci, katikis, malamin koyar da addini na coci, yana tafinta, rabin maganar ta zube a hanya. Wannan ma da sauƙi. Abin da ya fi ci mini rai shi ne furta zunubi. Goggota ta kai kusan shekara biyu ba ta karɓi Jikin Almasihu ba. Da na matsa mata, sai ta ce: ta yaya za ta faɗi zunubinta ta bakin tafinta, tafintan kuma mijin 'yarta ne? Matar da ko abinci ba ta ci a gaban surukinta. An ce mata doka ta yarda da tafinta, shi ma kuma sirri ya ɗaure shi kamar yadda ya ɗaure Fada. Ta ce ta ji, amma ba za ta iya ba. Haka ta zauna sai da wani Fada mai jin Hausa ya zo taimako lokacin azumi, ta yi layi tun hantsi.

Don haka ku da kuka ci moriyar shekara bakwai, ku gode wa Allah. In ya tabbata wajen irinmu za a kai shi, ni ba zan taya ku hana shi ba.

Hannatu:
Wayyo Goggo. Wannan labari ya taɓa ni.

Baba Katikis:
'Ya'yana, jikana ne yake rubuta mini, ni nake faɗa. Na karanta duk abin da kuka ce.

Na yi aiki da Fada tara. Na fara ne zamanin fararen fata na ƙungiyar mishan ta Afirka da ake kira SMA, galibinsu mutanen ƙasar Ayaland, lokacin muna ƙarƙashin Kaduna. A 1991 aka yanke Kano ta zama mishan mai cin gashin kanta, a 1999 ta zama cikakkiyar dayosis da Bishop Patrick Sheehan, a 2008 Bishop John Namaza Niyiring ya karɓa. Duk a idona aka yi. A farkon aikina, Fada sau uku ko huɗu yake leƙo mu a shekara. Ya zo da gadon zango da fitilar ƙwai, ya kwana a cikin coci mai rufin ciyawa, ya yi baftisma, ya ɗaura aure, ya saurari masu furta zunubi har dare, washegari ya wuce gaba. Sauran Lahadin shekara wa yake buɗe coci? Wa yake koya wa yara katikizim a gindin ɗorawa, wa yake binne matattu? Mu ne, da matan zumunta.

Cikin taran nan akwai wanda na yi kuka da ya tafi, akwai wanda na yi ajiyar zuciya. Amma ko wanda na yi wa ajiyar zuciyar, sai bayan ya tafi na gane shi ne ya gyara mana littafin baftisma, wanda har yau in yaro zai yi aure a birni daga ciki ake ciro masa takarda. Bitrus, sabo ake yi wa kuka, na sani. Baƙo raɓa ne. Abin da nake so ka tambayi kanka shi ne: ranar da ya tafi, me zai tsaya cak? Duk abin da ya tsaya, to dama a wuyansa muka rataya shi, mu muka naɗe hannu.

Bitrus Mai Masara:
Baba, na ji maganarka kuma ta shige ni. Amma ka yi mini afuwa, ba komai katikis yake iya yi ba. Ba ya tsarkake gurasa, ba ya yafe zunubi, ba ya shafa wa mara lafiya mai. Ranar Lahadi iyakar Fada Mas uku, kuma da izini. Da rassa goma sha huɗu, ka lissafa sau nawa kowane ƙauye yake ganin sa. Wannan mutumin sai ya ƙara da ranakun mako, yana bin ranar da ba kasuwa ba ce a kowane gari don mutane su samu zuwa. Sabon da zai zo, kafin ya gane wannan tsarin an yi shekara biyu.

Baba Katikis:
Gaskiyarka. Shi ya sa za mu rubuta masa tsarin mu miƙa masa ranar da ya sauka, ba mu tsaya muna kallo ya yi ta tuntuɓe muna cewa na da ya fi shi ba. Na ga an yi wa wani Fada haka a garin nan, yaro ne ɗanye, shekararsa ta biyu da naɗi. Wata shida ba wanda ya kai masa ko ƙullin kuka. Na shiga wajensa wani dare na tarar yana jiƙa garin kwaki, fitila a kashe don ba kananzir. Ban manta ba, kuma har da ni a laifin.

Ladi ta Zumunta:
Baba ya taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Maza kuna maganar takarda, mu mata mu muka san abin da ke cikin tukunyar gidan Fada. Mutane suna ganin farar riga da mota sai su ɗauka kuɗi ne jibge. Ni nake cikin masu ƙirga baiko. Akwai Lahadin da abin da aka tara a reshe bai sayi man da ya ƙona zuwa can ba, musamman tun da aka cire tallafin mai a 2023. Ita motar ma ta fi wata huɗu a kan duwatsu, babur yake hawa. Da kaka ne kawai yake ɗan numfasawa, in an kawo damin dawa da buhun masara na godiya, shi ma rabi a gidajen gwauraye da marayu yake ƙarewa. Na sha ce masa ya ajiye na bazara.

Luka Direba:
Anti Ladi, naku ne haka. Mu faɗi gaskiya, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ina yawo, na ga wuraren da Fada yake hawa mota mai tsada, wa'azi rabi kuɗi rabi gini, talaka ya zo neman a binne masa uwa a fara buɗe masa littafin bashi. Ba su yi rantsuwar talauci ba ne?

Markus:
Luka, nan mutane da yawa suke ruɗewa. Firistoci iri biyu ne. Akwai 'yan ƙungiya, kamar Agustinawa, ƙungiyar da Bishop ɗinmu ya fito daga cikinta, ko Dominikawa. Su ne suke wa'adi uku: talauci, tsarkin jiki da biyayya, komai nasu na ƙungiya ne. Firist na dayosis kuwa alkawarin rashin aure da biyayya ya yi, da na addu'a. Yana iya mallakar abin kansa, sai dai an gargaɗe shi ya yi zaman sauƙi. Abin da ka gani na buɗe wa mai makoki littafin bashi, ba ni da abin kare shi, doka ma ta ce kada a hana matalauci sakramenti saboda talaucinsa. Maganinsa kuma yana hannunmu: wajibi ne kowace farish ta samu kwamitin kuɗi. Inda kwamitin yake aiki, ana karanta lissafi a gaban jama'a, Fada ya huta da zargi, mu ma mu huta da zato.

Malam Sani:
Assalamu alaikum. Ni Musulmi ne, Bitrus ɗan kawuna ne, kakanmu ɗaya, shi ya sa ni a nan. Al'amarin cocinku ba ni da ta cewa. Abin da na sani shi ne ranar da mahaifina ya rasu, Fadan nan ya zo ya cire takalmi ya zauna a tabarma tare da mu har aka yi la'asar, ya dawo ran uku, ya dawo ran bakwai. Rijiyar da aka haƙa a bayan coci kuma, bai taɓa sa mata kwaɗo ba, matanmu da naku layi ɗaya suke bi. Lokacin da shanu suka shiga gonar Kawu, shi da mai unguwa da liman suka zauna har aka sasanta. In za a yi masa rakiya, ku gaya mana rana, ba za mu so mu ji a bakin mutane ba.

Bitrus Mai Masara:
Wa alaikumus salam, ɗan uwa. Za ka ji daga bakina.

Maman Yohanna:
Tun jiya nake karantawa ban ce komai ba. Kuna ta cewa a kawo mai jin Hausa, a kawo wanda ya san mu. Daga ina za a kawo shi? Daga cikin wa zai fito? Yohanna na ya gama sakandare bana, ya ce mini seminari yake so. Shi kaɗai ne namiji a ɗakina. Mahaifinsa ya kwana uku bai yi masa magana ba. Dangi suna cewa wa zai riƙe gona, wa zai haifa mana jikoki masu sunan gidan. Ni kuma abin da yake hana ni barci daban ne. Ina tuna yaron nan Michael Nnadi, ɗan shekara 18, da aka sace daga seminarin Good Shepherd a Kaduna a Janairun 2020 aka kashe shi. Ina tuna Fada Isaac Achi da aka ƙona a gidansa a Kafin Koro a 2023. Ko nan kusa, a 2022 an shiga gidan Fada a Gidan Maikambo ta Katsina an kwashe firistoci biyu. In ya sa farar rigar nan, a gidan da ke gefen gari zai riƙa kwana shi kaɗai. Ku gaya mini yadda uwa take cewa je ka.

Hannatu:
Mama, ba ni da amsa, amma ina tare da ke a addu'a.

Markus:
Mama, ba zan ce miki babu haɗari ba. Abin da zan iya gaya miki shi ne hanyar doguwa ce, kuma ba a ɗaure kowa. Akwai shekarar horon ruhaniya, sai falsafa, sai a tura shi aiki a farish, sai tauhidi shekara huɗu, a nan ƙasar abin yana kaiwa shekara tara ko fiye. Ba a naɗa mutum firist sai ya cika 25, kuma sai ya fara zama dikin, matakin da ke ƙasa da firist, na aƙalla wata shida. Duk tsawon wannan lokacin yana auna kansa, su ma suna auna shi. Ni a shekara ta huɗu na gane ba nan aka kira ni ba, na fito, ba wanda ya tsine mini, ga ni da 'ya'ya uku. Ki bar shi ya je ya gani. In kuma ya kai, to ki sani kin ba da shi ke nan: inda aka tura shi nan zai je, sai ya kai 75 ake neman ya miƙa takardar ajiye farish, hutunsa wata ɗaya ne a shekara.

Baba Katikis:
'Yata, da muna yara ana cewa Bahaushe ba ya zama Fada. A 2023 na ji da kunnena an naɗa Gerald Mamman Musa, mutumin Malumfashi, Bishop na sabuwar dayosis ta Katsina. Wata uwa ce ta haife shi, ta kuma sake shi. Ba na ce dole ki yi haka ba. Ki turo mini mahaifin Yohanna ran Laraba da yamma, ni da shi za mu zauna. Ke kuma ki je ki ga Fada kafin ya tashi, shi ya san yaron tun yana taya shi hidima a bagade.

Maman Yohanna:
To Baba. Zan gaya masa. Ban ce na yarda ba tukuna.

Bitrus Mai Masara:
'Yan uwa, yau da yamma na je gidan Fada. Na same shi yana ɗaure littattafai a kwali. Na gaya masa zancen takarda. Ya ajiye igiyar ya roƙe ni kada mu yi, ya ce shi ma bai yi barci ba ranar da saƙon ya zo, amma ya riga ya amsa wa Bishop. Na janye shawarata ta farko, ko da yake har yanzu ina ganin shekara bakwai ta yi kaɗan ga ƙauye irin namu, kuma in an ba ni dama zan faɗa.

Ga abin da nake so a maimakon haka. Zuwa da kai ya fi aike: mutum uku su je Kano, Baba in jiki ya yarda, shugaban kwamiti, da mace ɗaya daga zumunta. Su yi godiya, su roƙi abu biyu: wanda za a turo ya kasance mai jin Hausa ko mai niyyar koyo, kuma a bar su su haɗu ko na mako ɗaya ne, Fada ya zaga da shi rassa ya nuna masa hanya.

Istifanus daga Gwaram:
Ku ba su labarin Goggota in kun je. Na yarda, kada dai a kama suna.

Ladi ta Zumunta:
Ni zan je. Kuma mu mata za mu rubuta sunayen tsofaffi da marasa lafiyan da ake kai wa Jikin Almasihu gida, ƙauye ƙauye, da kwatancen gidan kowa. Kowace ƙungiya ta kawo kwano biyu na dawa ko masara ran Asabar, a raba biyu, rabi guzurin mai tafiya, rabi a zuba a rumbun gidan Fada kafin baƙo ya sauka.

Baba Katikis:
Ya yi. Abu ɗaya ya rage. Gara ta fara cin katakon da littattafan baftisma da na aure suke kai, na ga ƙasa a bayan na 1994. Luka, in za ka shiga Kano ran Juma'a ka tambayo mana kuɗin akwatin ƙarfe mai makulli, babba, wanda zai ɗauki littafi shida.

Luka Direba:
An gama, Baba. Zan taho da shi, kuɗin mota a kaina.